Igiyar dillali ta iso bakin gonarmu



Yau ba maganar wa zai tsaya takara wa zai janye na zo da ita ba. Wannan muna da masu yin ta safe da yamma, har ta ishe mu. Maganar ƙasa na kawo, ƙasar da ake shuka gero da dawa da wake, wadda ake ta yankawa ƙafa hamsin-hamsin ana sayarwa muna kallo, wasunmu ma har da tafi. Ni ɗan Kuki ne, kuma bari in faɗi matsayina tun yanzu don kada wani ya wahalar da kansa wajen nemo shi: yadda ake cinye gonakin da ke kewaye da garin Dutsin-Ma, ba tsari ba lissafi, ɓarna ce, kuma 'yan siyasarmu na kowane ɓangare sun yi gum da bakinsu a kai, har da namu.

Kowa ya san abin da ya kumbura garin. Hedikwatar ƙaramar hukuma ce tun da daɗewa, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, sannan a 2011 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa sababbin jami'o'in tarayya, Allah ya sa ɗaya ta faɗo Dutsin-Ma. Alhamdu lillahi, ba wanda ya ƙi. Ɗalibai suka zo, malamai da ma'aikata suka zo, kowa na neman ɗakin kwana. Mai kuɗi ya ga cewa ɗakin haya ya fi buhun gero kawo riba, sai ya fara neman fili. Inda fili yake kuwa, gonar wani ce.

Ku riƙe wannan lissafi. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Dutsin-Ma tana da mutum kusan dubu 170, faɗinta kuma murabba'in kilomita 527. Idan ka raba, kowane mutum ɗaya bai samu ko sulusin hekta ba, kuma a ciki har da duwatsu, da ruwan dam, da hanyoyi, da gidaje, da maƙabartu. Wannan fa kafin a kafa jami'a ne. Tun daga lokacin an haifi yaran da yanzu suke da ƙuri'a a hannu, ƙasar kuwa ko taku ɗaya ba ta ƙaru ba.

Sai kuma masifar da ta zo daga ɗaya gefen. Ba sai na tuna wa mutumin Dutsin-Ma ko na Kurfi abin da 'yan bindiga suka yi mana ba. Mun ga 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumominmu, mutum sai ya yi tafiya kafin ya gaisa da ɗansa. Mun ga 'yan uwanmu na ƙauyukan da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, ta wajen Safana da Batsari da Ɗan Musa, sun kwaso yara da tabarmi sun shigo gari. Su ma wurin zama suke nema, kuma haƙƙinsu ne a ba su. Amma ku dubi yadda abin ya zama. Gonar nesa, manomi na tsoron zuwa. Gonar kusa da gari, wadda ita kaɗai mutum zai iya nomawa ya dawo gida kafin la'asar hankalinsa kwance, ita ce ake kafa wa turaku ana yankawa. To don Allah a ina za a yi noman? Ɗan bindiga ya tare daji, dillali ya tare bakin gari, talaka na tsakiya da fartanya a kafaɗa.

Kuma wannan gonar ta kusa ba irin kowace gona ba ce. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya sani. Ita ce ake kai wa taki da jaki da amalanke duk rani, tokar murhu da kashin awaki da sharar gida, shekara da shekaru, tun kakanni. Shi ya sa ake nomanta kowace damina ba ta gajiya. Ƙarfin da ke cikinta gumin mutum uku ne ko huɗu da suka gaji juna. Rana ɗaya tifa za ta juye yashi a kai, a buga bulo, a zuba kankare, shi ke nan. Gidan da ya rushe ana sake gina shi, amma ban taɓa ganin unguwar da aka mayar gona ba.

Wanda ke ganin ina zuzuta abin, ya hau mota ya nufi Katsina, ya buɗe ido idan ya kusa Batagarawa. A 1967 wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa tana nazarin rayuwar manoma, ta fitar da littafi a kai a 1972. Ta zaɓi garin ne a matsayin ƙauyen manoma, inda magidanci ke gandu da 'ya'yansa, ake auna arzikin gida da gonar da ake zuba wa taki. Yau fa? A kan wannan hanya da ta taso daga Katsina zuwa wajenmu akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga gidaje sun bi bayansu har ba ka iya cewa ga inda birni ya ƙare. A cikin rayuwar mutum ɗaya aka yi wannan. Hanyar da ta kai birni Batagarawa ita ce dai ta ratsa Kurfi ta iso Dutsin-Ma. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, an ce ka shafa wa naka ruwa.

Bari in faɗi yadda cinikin ke tafiya, don na birni su gane, na ƙauye kuma su ji ko ƙarya nake. Magidanci ya rasu ya bar gona ɗaya da magada goma sha. Kafin a yi sadakar arba'in dillali ya riga ya zo gaisuwa sau biyu. Ya samu wanda ya fi matsuwa a cikin 'ya'yan, mai son aure ko mai bashi a wuya, ya raɗa masa farashi. Daga nan maganar gida ta koma "a sayar a raba, kowa ya kama gabansa". Na san wani gida a nan ƙasarmu da aka yi haka. Babban ya sayi babur, na biye da shi ya yi aure, ɗaya ya biya kuɗin asibiti, matan aka ba su nasu suka sa a kayan ɗaki. Damina biyu ba ta cika ba, babur ya tsufa, kuɗi sun ƙare, yanzu a kasuwa suke awon hatsin da a da suke ɗebowa daga rumbu. Ɗaya daga cikinsu leburanci yake a wajen gini, yana ɗaukar bulo. Ba na zaginsu. Talauci ne da rashin mai ba da shawara. Wanda nake zargi shi ne mai riƙe da hukuma da ya bar su su kaɗai da dillali.

Shi kuwa wanda ya saya, ga nasa lissafin. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 bai kai murabba'in mita 500 ba. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Ke nan in ba a bar hanya ba, hekta ɗaya za ta ba da fuloti 21, in kuma aka yanka hamsin-hamsin, sama da 40. In aka bi ƙa'ida aka fitar da titi da magudanar ruwa da filin makaranta, dole adadin ya ragu sosai. Kun ga dalilin da ya sa mai awon igiya ba ya son jin sunan ma'aikacin tsara gari. Duk taku ɗaya da ya bari don hanya, kuɗi ne ya fita daga aljihunsa. Shi ya sa za ka shiga sabuwar unguwa, gidaje na siminti masu kyau, amma lungun ko mota ɗaya ba ta wucewa. Gobara ta tashi, motar kashe wuta sai dai ta tsaya a titi. Mace na naƙuda da dare, sai an ɗauko ta a hannu zuwa inda mota ta iya tsayawa. Ruwan sama da a da gona ke shanyewa, yanzu daga kwano yake zubowa ya bi lungu, ya ci gindin katangar maƙwabci, ya haƙa kwazazzabo. Bayan shekara goma mutanen unguwar za su haɗa tawaga su je wajen ɗan majalisa roƙon kwalbati da firamare, a ce musu babu fili. Dillalin da ya cinye filin kuwa ya daɗe da komawa gaba da igiyarsa.

Akwai abin da ba a son faɗa, ni zan faɗa. Burtali ma ana haɗawa da shi. Hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya, da makiyayar da aka bari tun zamanin iyaye, idan gari ya matso sai ka ga an kafa musu turaku su ma. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo tun 1965 don ta san abin da toshe wa dabba hanya ke haifarwa. Ba ina wanke ɗan ta'adda ba ne, wanda ya ɗauki bindiga ya kashe mutane ba shi da uzuri ko ɗaya. Amma mu da muka ɗanɗana abin da rikicin gona da kiwo ke zama idan ya girma, mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron sayar da burtali.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a majalisa. Za a ce mutum da gonarsa, ya ga dama ya sayar, ina ruwanka? To ai ruwana a ciki yake tsundum, tunda kwazazzabon da za a haƙa ba a gonarsa kaɗai zai tsaya ba, kuma kwanon masarar da zai yi tsada ni ma zan saya. Sannan masu wannan magana su je su karanta dokar da suke tinƙaho da ita. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa kuma aka cusa ta cikin tsarin mulki, ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna amana. Filayen birni shi ke kula da su kai tsaye, na karkara kuma ƙaramar hukuma. Sashe na 21 ya ce ba a sayar da haƙƙin mallaka na gargajiya sai da amincewar ƙaramar hukuma. Sashe na 36, wanda ya shafi gonakin karkara da mutane ke riƙe da su tun kafin dokar, ya hana a yanka su fuloti-fuloti. Sashe na 2 ya ce kowace ƙaramar hukuma ta kasance da kwamitin ba da shawara kan rabon ƙasa. Ban kawo wannan don a kama manomi a ɗaure ba, Allah ya kiyaye. Na kawo ne don duk shugaban da ya ce maka ba shi da ikon tsawatar wa masu awon igiya, ka san ba iko ya rasa ba. A cikinku masu karanta wannan, wa ya san sunan mutum ɗaya a kwamitin ƙasa na ƙaramar hukumarsa? Ya rubuta mana.

Ita kanta dokar ba tsarkakakkiya ba ce, kuma a nan ne ta fi cutar talaka. Idan gwamnati ta karɓi gonarka don aikin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce: shuka, itatuwa, gini. Ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta, tunda a idon doka ba taka ba ce. A zo da rani, gona ba komai sai kututturen kara da 'yan itatuwan ɗorawa, a ƙirga su a ba ka abin da ba zai sayi rabin wata gonar ba. Wannan ne ma ke sa manomi da ya ji ƙishin-ƙishin cewa aiki zai biyo ta wajensu ya yi maza ya sayar wa dillali, gara ya karɓi na hannu. Alhali sashe na 6 na dokar ya ce idan aka soke haƙƙin manomi a kan gonar da yake nomawa, ƙaramar hukuma ta ba shi wata gonar a madadinta. Manomi nawa ne aka taɓa karanta wa wannan? Marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan jiharmu, ya ga matsalar. A 2009 ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, da nufin talaka ya samu takardar mallaka ta gaske. Allah ya karɓi ransa a 2010, dokar na nan yadda take har yau. Ƙasar Ruwanda, wadda ta fito daga yaƙin da ya fi namu muni, ta auna ta yi rajistar filaye sama da miliyan 10 cikin 'yan shekaru. Mu har yanzu shaidar gonar mutum ita ce tsohon da ya san iyaka, in ya rasu sai kotu.

Wasu kuma za su ce ai kai maƙiyin cigaba ne, so kake Dutsin-Ma ta zauna ƙauye, ɗalibai su kwana a kan bishiya. Wannan maganar 'yan kore ce. A gina gidaje mana, har ma a ƙara. Tambayar ita ce a ina, kuma wa ya yanke shawara. Sunan garin kansa ya gaya maka irin ƙasar da muke da ita: akwai fako, akwai tsakuwa, akwai gefen duwatsu da ko ƙaya da ƙyar take fitowa. Me ya hana a auna irin waɗannan wurare, a fitar da titi, a kai ruwa da wuta, a ce ga inda gari zai nufa, fadama da gonar taki kuma a ja musu layi? Kuma me ya sa kowane ɗakin ɗalibai sai an shimfiɗa shi a ƙasa kamar shanya? Bene hawa biyu zai ɗauki mutanen da fuloti biyu ko uku ke ɗauka. Masar, da ke rayuwa a kan siririyar ƙasar noma ta bakin kogin Nilu, laifi ne a dokarta ka yi gini a gona. Ingila ta kewaye Landan da yankin da aka taƙaita gini a cikinsa shekaru da dama da suka wuce. Ba wanda ya ce Landan ƙauye ce.

Wani abin takaicin, muna zaune kusa da abin da zai rage mana wannan matsi. Dam ɗin Zobe, a kan kogin Karaduwa, an kammala shi tun 1983 zamanin Shagari, da niyyar ba da ruwan sha da kuma noman rani na dubban hektoci. Sai a 2021 Shugaba Buhari ya zo ya ƙaddamar da aikin ruwan sha na Zobe, kusan shekara arba'in bayan gina dam ɗin. Manomin da ke da ruwa a gonarsa, ya noma damina ya noma rani, ya ɗebi tumatir da albasa da alkama, dillali zai sha wuya kafin ya raba shi da ita. Wanda ke saurin sayarwa shi ne wanda gonarsa ke aiki wata huɗu ta kwanta wata takwas, ga taki ya yi tsada, ga kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. Duk magudanar ban ruwa da aka shimfiɗa daga Zobe, kariya ce ga gona fiye da wa'azin da ni ko wani zai yi a Facebook.

Yanzu in juyo gida, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A siyasarmu, ta kowace jam'iyya, fuloti ya zama abin sallama. An ci zaɓe, a ba wane fili, a ba wance fili, shi kuma ya kai wa dillali washegari. Wasu daga cikin masu ɗaukar nauyin taro da motocin kamfe, da cinikin filaye suka yi kuɗin. Shi ya sa za ka ji ɗan takara ya yi awa guda yana alƙawarin taki da tarakta, amma ko sau ɗaya ba zai ce uffan kan gonar da za a zuba takin ba. Idan mu da muke cewa mun fito ne don gyara muka yi shiru saboda kada mu ɓata wa mai ba da gudummawa rai, to da me muka fi waɗanda muke suka? Ni dai ba zan yi wa kowa yaƙin neman zaɓe a Kuki ba sai na ji bakinsa a kan wannan, ko da kuwa a gida ɗaya muka tashi.

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, uzurin "ba mu da ko sisi" ya fara ƙarewa. Auna burtali da kafa masa alama ta siminti ba aikin biliyan ba ne. Haka rubuta gonakin kowace gunduma a littafi, da sunan mai ita da iyakarta, tare da dagatai da masu unguwanni waɗanda suka san kowace kunya. Iyayenmu, Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da Maraɗin Katsina a Kurfi, idan hukuma ta je musu da tsari na gaskiya ban ga abin da zai hana su sa albarka ba. Kuma a daina sa hannu a takardar cinikin duk wani awo da ba a fitar da hanya da magudanar ruwa da filin makaranta da maƙabarta ba. Mai unguwar da ya ƙi sa hannu a kan irin wannan, a tsaya masa, kada a bar shi shi kaɗai da masu kuɗi.

Mu a Kuki A da Kuki B, da 'yan uwanmu na Karofi da Shema da Makera da Dabawa da Kutawa da Bagagadi, har yanzu akwai gonar da za a ceta, shi ya sa nake wannan ihun yanzu tun hari bai wuce ba. Duk mai neman kansila ko shugaban ƙaramar hukuma ko majalisa da zai zo gundumarku, ku bar shi ya gama jawabinsa, ku sha ruwan da ya kawo, sannan mutum ɗaya ya miƙe ya tambaye shi a gaban jama'a: ina iyakar da gari zai tsaya, su wa ke cikin kwamitin ƙasa, kuma shi kansa fuloti nawa ya yanka a gonar mutane? Ku ɗauki amsar a waya ku turo mana nan, za mu sa ta yadda ya faɗe ta, da sunansa da ranar da ya faɗa.